Jigo da Fadama a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya karanta abin da malaman tarihi suka rubuta game da ƙasar Kabi, tun daga Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har zuwa littattafan da ake karantar da yara da su a makarantun zamani, zai tarar galibin zancen na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, wane ya ci wane, wane birni aka kewaye, wane aka ƙone. Alhali kuwa mutumin da ya ciyar da waɗannan sarakuna da rundunoninsu, wanda yakan wayi gari ƙafarsa cikin laka, ya yini yana jan guga yana zubawa, ba a cika ambatonsa ba sai in an zo lissafin haraji. Nufina a wannan maƙala in bi sawun wannan bawan Allah, wato mai lambu na fadamar Gulbin Kabi, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, in duba yadda sana'arsa ta kafu, da abin da zamani ya yi da ita, da kuma dalilin da ya sa har yau dattawa da yawa na wannan kwari, ko da sun gina gidan siminti a Badariya ko a Gesse, hankalinsu bai rabu da bakin fadama ba.

Tushen al'amarin duka ruwa ne. Gulbin Rima yakan tattaro ruwansa daga Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare, ya gamu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Shehu, sa'an nan ya karkata kudu maso yamma, ya ratsa ta Argungu, ya bi ta gindin tudun da Birnin Kebbi yake a kai, ya karɓi Gulbin Zamfara a wajen Bunza, kana ya je ya faɗa Kwara. A ƙasar Kabi kuwa mutane sun saba kiransa Gulbin Kabi. Ruwan sama a wannan nahiya ba ya wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma abin da yake zuba a shekara bai cika haura milimita 800 ba, saboda haka manomin tudu, mai gero da dawa da wake a ƙasa mai rairayi, da zarar ya kai amfaninsa rumbu, sai ya zuba wa gonarsa ido wata bakwai ko takwas. Amma Ubangiji cikin hikimarsa ya shimfiɗa wa mutanen wannan kwari wata ni'ima dabam, domin a watan Agusta da Satumba gulbin yakan cika ya batse, ya malale fadama mai faɗin gaske, ya kwana a kanta makonni, sa'an nan ya janye a hankali, ya bar baƙar laka a sama, ya bar ruwa a ƙarƙashi kusa ƙwarai, har mutum ya haƙa gaba biyu ko uku ya tarar da shi a tsakiyar rani.

Idan mai karatu ya lura da wuraren da Kabawa suka kafa gadon sarautarsu, zai ga babu ko ɗaya da ya yi nisa da wannan fadama. Muhammadu Kanta, wanda ya fita daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, a Surame ya zauna, inda kufan ganuwarsa ta dutse take har yanzu, da Gungu kusa da ita. Bayan an bar Surame, wajen 1700, Sarkin Kabi Tomo ya gina Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi, a kan tudu mai kallon kwarin. Da birnin ya faɗi a hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo a 1805, bayan shekaru na yawo da yaƙi, sai Kabawa suka sake tsayawa a Argungu, a bakin ruwan nan dai. Lalle akwai dalilin tsaro a cikin haka, domin dokin maƙiyi ba ya sukuwa cikin taɓo, amma dalilin ciki ya fi shi ƙarfi. A wannan fadama ake noman jar shinkafa ta asalin ƙasar baƙar fata, wadda ta riga farar shinkafar Asiya zuwa da ƙarnuka masu yawa, wadda ake fasa mata ƙasa tun da rani da wahala mai tsanani, a watsa irinta da ruwan farko, in ambaliya ta zo ta riƙa tsawo tare da ruwan, kanta yana bisa, har ruwa ya janye a yanke ta da kaka. Bayan shinkafa sai kifi, wanda yake da nasa shugabanni, su Sarkin Ruwa da Homa, da nasa ƙa'idodi na gyaran ruwa da fashin ruwa, ba mai jefa koma sai an ba da izini. Bayan kifi sai shanun Fulani su gangaro daga tudu su ci burgu da karan shinkafa, su bar taki. A tsakanin waɗannan duka mai lambu yake da nasa gurbi, kuma aikinsa iri biyu ne: akwai abin da ake dasawa a kan danshin da ruwa ya bari, ba a ƙara masa ko ɗigo, kamar dankali da rogo da kabewa da rake, akwai kuma lambu na ainihi, na albasa da alkama da taba da barkono da gauta, wanda ba ya rayuwa sai da ban ruwa na kullum.

Wanda bai taɓa ganin jigo yana aiki ba, ya kamata a kwatanta masa shi, domin yanzu ya kusa zama labari. Akan kafa ginshiƙai biyu a bakin rijiya ko a gaɓar tafki, a gitta itace a kansu, a ɗaura doguwar sanda bisa gicciyen, gefenta gajere a manna masa curin laka mai nauyi, gefenta dogo a ɗaura masa igiya da guga na ƙwarya ko na fata. Mai lambu yakan tsaya a kan dandamali, ya ja igiyar ƙasa har gugan ya nutse, sa'an nan ya saki, nauyin lakar ya ɗago masa ruwan, shi kuwa ya karkata shi cikin magudana. Can gaba ɗansa ko ƙanensa yana riƙe da fartanya, yana buɗe bakin fangali ɗaya, in ya sha ya toshe shi da laka, ya buɗe na gaba. Haka za su yi tun daga sallar asuba har hantsi, su koma bayan la'asar har magariba, wata uku ko huɗu ba fashi, kuma duk da wannan wahala filin da jigo ɗaya yake iya shayarwa da ƙyar ya kai rubu'in eka. Ruwayar mutanen Sakkwato tana danganta yaɗuwar jigo a wannan kwari ga Muhammadu Bello, kamar yadda take danganta masa gonar rake da wasu itatuwa masu amfani, kuma wannan ya dace da halinsa da muka sani, domin a cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da manoma da masu sana'a da raya ƙauyuka cikin wajiban shugaba.

Malaman fiƙihu ma ba su bar sha'anin a baya ba, kuma ina ganin a nan ne aka fi yi wa mai lambu adalci. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ta'alimur Radi musamman a kan hanyoyin da mutum yake keɓanta da matacciyar ƙasa, wato wadda ba ta da mai ita, kuma a mazhabar Malikiyya haƙa rijiya da fitar da ruwa da dasa itace suna cikin abubuwan da ake raya ƙasa da su har ta zama ta wanda ya raya ta. Game da zakka, hatsin da ruwan sama ko ambaliya ya shayar ushiri ake fitarwa daga gare shi in ya kai nisabi, wanda kuwa aka shayar da guga da ƙarfin damtse rabin ushiri ne kawai, saboda shari'a ta dubi gumin da ya zuba. Kayan miya da ganyaye kuma, irin su albasa da kuɓewa da alayyafo, babu zakka a cikin ainihinsu. Sai dai mutanenmu, da yake sun san hadisin da ya yi bushara da lada ga wanda ya shuka abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sun ɗora wa kansu abin da shari'a ba ta wajabta ba: baƙo ba ya wuce lambu ya ce, "Sannu da aiki, Baba, Allah shi ba da albarka," ya tafi hannu wofi, sai an tsinko masa yalo ko an karyo masa rake, an ce, "Ungo, ɗana, ka jiƙa maƙoshi."

Ƙarni na 19 kusan duka Gwandu da Kabi suna gaba, musamman tun da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, kuma ba wanda ya ɗanɗani wannan gaba kamar mai lambu, domin manomin gero yana iya shuka ya ruga cikin ganuwa, ya fito noma in hanya ta yi kyau, amma albasa tana bukatar mai ita ya tsaya a kanta safe da yamma, a bayan gari, a lokacin rani, wanda shi ne ainihin lokacin da mahaya suke fita hari. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, ya yaba albasarta da ayabar da ya gani a kwarin da ya ratsa garin, a nan kuma ya sami kwafen Tarihus Sudan. Da ya wuce ta Birnin Kabi, sai ya tarar da tsohon birnin kango ne, ga fadama shimfiɗe a gindinsa, ga tsoro ya cika hanyoyi. Wannan ya nuna lambun da ya tsira a wancan zamani shi ne wanda yake cikin inuwar ganuwa. Saboda haka ba mamaki da talakawa suka riƙe sunan Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla tsakanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, ko da yake bai wuce 'yan shekaru ba.

Akwai wani abu a tarihin gidan Gwandu da ya shafi zancenmu, wanda ba na so in wuce ban ambata ba. Shi Malam Abdullahi, wanda ya ci Birnin Kabi da takobi, bayan shekara biyu kacal, a 1807, da ya ga son dukiya da mulki ya fara shiga zukatan jama'a, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar ƙaura zuwa Haramaini, har mutanen Kano suka tsare shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kana ya komo. Ɗansa Halilu kuwa, wanda yake kan gadon Gwandu sa'ad da Barth ya zo, ya shahara da zuhudu da son kaɗaici, har baƙon ya gama kwanakinsa bai sami ganinsa ba. Abin da nake so in fitar shi ne, ƙin hayaniya da neman wurin da zuciya za ta natsu tsohuwar ɗabi'a ce a wannan ƙasa, malamai sun ba ta suna, sun ce uzula, sun ce ƙana'a, talaka kuwa da bai karanta littafin Ihya'u ba ya same ta a gindin jigonsa, inda aikin hannu ne mai maimaituwa, harshe yana sake, mutum yana iya jan guga yana salati ko yana tilawar abin da ya hardace tun yana yaro.

Da Turawa suka iso, suka sauka Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a 1903, yaƙin ya mutu, fadar Gwandu ta koma Birnin Kebbi, mutane suka bazu cikin fadama ba fargaba, har a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su a Matan Fada, wanda shi ne mafarin bikin da duniya ta sani yau. Amma zamanin ya zo da nasa nauyi, wato haraji da kuɗin Bature, wanda ba a biya da dami. Daga nan cin rani ya yawaita a lardin Sakkwato, samari da magidanta suna fita bayan kaka, wasu Ikko da Badun, wasu Kumasi, wasu ma'adinan kuza na Jos, su yi dako da ga-ruwa da leburanci, su komo gab da shuka. A nan fa darajar lambu ta bayyana sarai, domin wanda yake da ɗan fili a fadama da rijiya da jigo, albasarsa da tabarsa suna biya masa haraji, su yi wa iyali tufafin salla, shi kuwa yana kwana a ɗakinsa, yana salla a masallacin unguwarsu, ba ya kwanan tasha, ba mai kiransa da sunan da ba nasa ba. A wannan zamani ne kuma sababbin iri suka yawaita a lambuna, karas da kabeji da latas da manyan tumatir, da mangwaro da gwaiba, da darbejiya wadda ta zama inuwar garuruwanmu. Kudu da Birnin Kebbi kuwa Aliero ta ɗauki hanyar zama uwar albasa, inda ake jibge ta a rudu ana jiran tsada, fatake suna lodi zuwa kurmi.

Mai lambu yana da lokatai biyu da suke mulkin shekararsa, ɗari da bazara. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan sauko da sanyi da hazo, hannu ya tsage, ruwan asuba ya yi kamar ya yanke yatsa, amma a lokacin ne albasa take ƙwai, alkama take cika, tumatir yake 'ya'ya, saboda haka mai lambu ba ya zagin ɗari. Bazara ce jarrabawa. Daga tsakiyar Maris zafi yakan fara hawa, a Afrilu ma'auni ya haura digiri 40 kwana da kwanaki, iska ta juyo daga kudu ta kawo gumi ba ta kawo ruwa ba, rijiya ta ja baya sai an bi ta da yasa, furen tumatir ya kakkaɓe, ganyen alayyafo ya yi laushi tun kafin azahar. Malaman hisabi suna bin wannan lokaci da manzilolin taurari 28, kowace da kwanakinta 13, talakawa kuwa suna duban Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa suke kira Surayya, su ga ta ɓace daga sama da tsananin zafi, su jira fitowarta da asuba a matsayin busharar damina. A tsakanin haka hadari yakan taso daga gabas baƙi ƙirin, ya cika gari da ƙura, ya kware jinka, ya wuce bai zubar da komai ba. Manomin tudu ya yi binne yana fatan rahama, wani lokaci ruwan farko ya tsirar da irin, ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Bazara ce kuma lokacin sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta cinye dubban rayuka a Arewa.

To, a cikin wannan tsanani ne ake gane bambancin tudu da fadama, da bambancin gari da bayan gari. Ɗakin siminti mai rufin kwano yakan sha rana yini guda ya riƙe ta har tsakar dare, mai shi ya fito tsakar gida da tabarma, bango yana hura masa zafi ta kowace kusurwa; a bakin lambu kuwa, inda ƙasa take jiƙe, ga inuwar mangwaro da giginya, ga gawo wanda Allah ya sa yake ganye da rani ya zubar da damina, ga randa a binne cikin rairayi mai laima, mutum yana iya yin ƙailula ya tashi da ƙarfinsa. Mangwaron ma a bazara yake nuna, kankana a bazara take zaƙi, kamar an aje su ne musamman domin wannan lokaci.

Abin da ya sauya wannan tsari ya zo ne daga can saman gulbi. Bayan farin 1973 hukuma ta ƙudura tare ruwa, aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, inda a 1980 aka zubar da jinin manoman da suka nemi diyyar gonakinsu, aka kuma gama ta Goronyo a kan Rima a 1984, shekarar wani farin. Wani masani Bature, William Adams, ya bi ƙauyukan da suke ƙasa da Bakolori ya rubuta abin da ya gani: ambaliya ta ragu, wuraren shinkafa sun koma na gero da dawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, lambuna sun ragu, masunta sun yi ƙaura. Ruwan da dā yake zuwa da lokacinsa, kowa ya san shi, ya koma yana zuwa da izinin mai riƙe da ƙofar dam, wata shekara ya yi kaɗan, wata shekara kuma, kamar 2010, ya zo gaba ɗaya ya shafe gonaki da gidaje. A 2020 ma ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi gab da girbi. Ta ɗaya gefen kuwa, daga shekarun 1980, musamman da shirin Fadama na Bankin Duniya ya kankama a farkon shekarun 1990, aka shigo da ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa mai shan fetur, abin da jigo yake yi a mako inji ya yi shi kafin hantsi. Ba zan ɓoye alherin wannan ba, domin zalunci ne mai alƙalami ya zauna a inuwa yana yi wa wani fatan komawa jan guga: inji ya huta da kafaɗun tsofaffi, ya buɗe noman shinkafar rani, ya tsayar da samari da yawa a gida, kuma a kansa aka gina abin da ya biyo baya, tun daga shirin bashin manoma da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, har zuwa shinkafar Lake ta haɗin gwiwa da Jihar Legas a 2016, da manyan injinan casa na Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Sai dai jigo itace ne da laka da igiya, ba ya neman ko kwabo, inji kuwa da ruwan ciki yake jan na rijiya, sai an zuba masa fetur, an sayi takin zamani da maganin feshi, galibi da bashi. Mai lambu ya ƙaru da amfani, ya ragu da kwanciyar rai, fadamar da dā ba ka jin komai a cikinta sai kukan sandar jigo da na kurciya da gauraka, yanzu tun da asuba injuna suke amsa wa juna daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Garin ma ya sauya. Tun ranar 27 ga Agusta 1991, da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato aka mai da Birnin Kebbi hedikwata, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, gari ya tsallake tsofaffin unguwanninsa na Takalau da Nassarawa da Makerar Gandu, ya miƙe zuwa Badariya da Bayan Kara da Gesse, har ya kusa haɗewa da Gwadangaji, gonakin gero suka zama fulotai, aka sami jami'a ta wajen Kalgo da filin jirgin sama ta wajen Ambursa. Tare da wannan arziki aka sami kabu-kabu da keke mai ƙafa uku da janareto da lasifikar masu talla da ta masu biki, har ya zama mutum yana iya kwana ya yini bai sami sa'a guda da kunnensa ya huta ba. Duk da haka, in ka shiga gidajen waɗannan sababbin unguwanni, za ka tarar jinin fadama bai bar mutane ba: a bayan ɗaki uwargida ta kewaye ɗan wuri da tsohon gidan sauro saboda kaji da awaki, ta shuka yakuwa da rama da lalo, ga zogale a jikin katanga, ga lalle, ga gwanda a inda ruwan alwala yake gangarawa, wasu ma a buhunan siminti da tsofaffin robobi suke reno, da ruwan da aka saya a wurin mai kura aka yi wanke-wanke da shi. Maigida kuwa, in ya aje aikin gwamnati, sau da yawa abin da yake fara nema shi ne ɗan fili ta wajen Dukku ko Zauro ko Ambursa, ya riƙa fita da sassafe, ya ce wa iyali ya tafi duba shuka, alhali rabin abin da ya kai shi shi ne ya zauna inda zai ji tunaninsa.

Ni ina tare da waɗannan dattawa, kuma ba domin na jahilci wahalar ƙauye ba. Fadama gidan sauro ce da zazzaɓi da tsargiya. Jan baki yakan sauka a kan shinkafa ya hana yara makaranta. Rigimar manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya ta ƙaru tun da noman rani ya cinye wuraren da shanu suke kiwo da. Asibiti yana nesa, mai naƙuda takan sha wuya a hanya. Amma na lura mutumin da yake da abin yi da hannunsa a wurin da babu hayaniya ya fi saurin haƙuri, ya fi jin maganar maƙwabcinsa, ya fi sanin abin da ya ishe shi, kuma waɗannan halaye su ne jarin da zaman tare yake ci. Abin da yake ba ni tsoro shi ne natsuwar nan tana da sharuɗɗa, kuma biyu daga cikinsu suna rawa. Na farko aminci: harin da 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kai Mera ta ƙasar Augie a Nuwamban 2024 ya tuna wa mutanen Argungu abin da kakanninsu suka sani, cewa ba a ban ruwa ana waiwaye. Na biyu tsadar ruwan kansa: tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin shayar da fangali ya ninka, wasu suka mai da injinansu masu shan gas, wasu suka rage fili, masu hali suka koma injin sola, wanda ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, kuma a bazara, da rana ta fi zafi shuka ta fi ƙishi, a lokacin ya fi ƙarfi. Sai dai kuɗin sayensa ya fi ƙarfin mai rubu'in eka, wanda shi ne magajin mai jigo na ainihi, kuma in ba a sami hanyar da irinsa biyar ko goma za su haɗu a kan inji ɗaya ba, ko hukuma ta sayar musu da shi bashi mai sauƙi ba tare da riba ba, to filinsa zai koma hannun mai kuɗin gari, shi kuwa ya zama ɗan ƙodago a gonar ubansa, ko ya sayi babur ya shigo Birnin Kebbi kabu-kabu.